Mai Takobi a Kwalin Sabulu

Shekarar da na gama sakandare, a cikin shekarun casa'in, ban samu wucewa gaba da karatu ba, sai na koma zama a shagon yayana a Tudun Wada. Gyaran rediyo da rikoda yake yi, har da talabijin idan an kawo. Ni aikina kwance murfi da riƙe waya idan yana narka dalma. Ba ni da hannun gyara, kuma ya san haka. Abin da na iya shi ne zane, a lokacin kuwa ba wanda ya ɗauki zane a bakin komai.

Wata rana wani direban babbar mota ya kawo wata 'yar na'ura da ya sayo wa 'ya'yansa a kudu, ta ƙi kamawa. Ta wasa ce, irin wadda ake jonawa da talabijin, ka danna maɓalli mutumin da ke cikin gilashin ya motsa. Yayana ya buɗe ta ya tarar waya ɗaya ce ta tsinke, nan take ya haɗa. Direban kuma ya yi doguwar tafiya, bai waiwayo ba sai bayan kusan wata biyu.

Cikin wannan lokacin muka san mai takobi. Wani ɗan gajeren mutum ne da ke tafiya daga hagu zuwa dama, kullum dama, yana saran masu gadi, yana tsallake ramuka. A ƙarshen kowane zango sai ya tarar da wani ƙato ya tare hanya. Rai uku gare shi. Idan aka kashe shi sai ya ɓace, ya sake bayyana garau kamar ba abin da ya faru. Rubutun da ke fitowa ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, saboda haka ba mu san labarin ba. Hoto ɗaya kawai muke da shi a farkon wasan: gida yana cin wuta, wasu suna jan wata mata. Da batirin mota muke kunna talabijin ɗin, mara kala, kuma duk ƙoƙarinmu ba mu taɓa wuce zango na huɗu ba.

Da direban ya zo ya ɗauki kayansa, bencin ƙofar shagon ya koma wurin gardama. Wanda ya fi kowa baki shi ne wani ɗan acaɓa da ke jigila tsakanin garinmu da Ƙafin Maiyaƙi, sa'an yayana ne. Shi ya dage cewa matar da aka ja ɗin nan ƙanwar mai takobi ce, wasu suka ce matarsa ce. Ni ban sa baki ba. Na riga na ƙudura a raina cewa tunda an ɗauke mana labarin a tsakiya, ni zan ƙarasa shi, kuma ba da baki ba, sai ya yi motsi kamar yadda muka saba ganinsa.

Tun muna firamare na san cewa idan ka zana mutum a kusurwar shafukan littafi, kowane zane ya ɗan bambanta da na baya, ka saki shafukan da babban yatsa, mutumin zai yi tafiya. Matsalar ita ce mutum ɗaya ko biyu ne za su iya gani. Na kai wa yayana kukana. Ya yi dariya, amma bayan kwana biyu ya dawo da ƙarfen tsakiyar wata tsohuwar tayar keke. Muka sa masa mariƙi, muka jera katuna a kewayensa, muka zura shi cikin kwalin sabulu da muka yanke wa taga a gaba. Wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa yana tare kowane kati na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Idan ana juya mariƙin, katunan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, hoton ya motsa. Mutum shida na iya gani idan sun matsu.

Katunan daga kwalayen sukari da na ashana nake yanko su da reza. Nakan zana a farar takarda, in ɗora wata a kanta a jikin gilashin wata matacciyar talabijin da muka cire, in ɗaga su saitin hasken ƙofa in bi layin, in ɗan matsar da ƙafa ko hannu, sannan in manna a kati da kokon rogo. Abin da zai wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi yakan ci mini kwana uku. Don haka kowane kashi nakan yi masa ɗauri huɗu ko biyar na katuna, in cike tsakaninsu da baki, ni ne mai ba da labari, ni ne kuma ƙarar takobi.

Ranar kasuwa nake nunawa, bayan la'asar. Kashin farko ya karɓu fiye da yadda na zata. Na ba mai takobi uba wanda aka kashe a gobarar nan. Na ba shi wani tsoho mai gemu a kan dutse wanda ya ƙi koya masa faɗa sai da ya yi ta ɗebo masa ruwa. Na ba shi abokin gaba mai rufe fuska. Ban zauna na ƙirƙiri waɗannan ba, su suka zo da kansu. Daga wasan nan na kwaso wasu, sauran daga finafinan faɗa da muke kallo a gidan bidiyo, kuma a lokacin gani nake nawa ne.

A kashi na biyar ɗan acaɓan nan ya kunyata ni. Ina cikin sa katuna, kafin in taɓa mariƙin, ya juya ga mutane ya karanto musu duk abin da zai faru. Ya ce yau za a kashe tsohon, zai mutu a hannun ɗalibinsa bayan ya faɗi rabin wani sirri, mai rufe fuskar nan kuma idan aka yaye ƙyallen za a ga yayan mai takobi ne da aka sace tun yana ƙarami. Bai kuskure ko ɗaya ba. Haka na juya kwalin ina ba da labarin da kowa ya riga ya ji, mutane na dariya duk inda maganarsa ta tabbata.

Na yi fushi, fushin kuma ya sa na yi wauta. A kashi na gaba na kashe mai takobi gaba ɗaya, na zana kabarinsa, na ce labari ya ƙare. Ba wanda ya zaci haka, gaskiya ne, amma ba wanda ya ji daɗi. Suka tashi suna kaɗe riguna suka watse. Yayana ya ce mini in dai don in ba su mamaki ne, ai da na ƙona kwalin ma sun yi mamaki.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke zuwa shagon duk ranar kasuwa daga rugarsu ta wajen hanyar Doguwa, ya sayi batir ko a duba masa rediyo. Baffa muke ce masa. Yakan tsaya a bayan masu kallo ya dogara da sandarsa, bai taɓa cewa komai ba. Ranar da na kashe mai takobi ne ya zauna kusa da ni bayan an watse, ya tambaye ni ko na taɓa bin sawun abin da aka ƙwace mini. Na ce a'a. Ya ce ya gani a zanen.

Ya ba ni labarin shekarar da aka kore masa shanu, yana saurayi, ya bi sawu kwana da kwanaki. Ya ce abin da yake tunawa ba faɗa ba ne. Yunwa ce, da ƙafar da ta kumbura har ya cire takalmi ya rataya, da wata tsohuwa da ta ba shi fura ba ta tambaye shi daga ina yake ba. Mutumin nan naka, in ji shi, ba ya cin abinci, ba ya gaida kowa, ana kashe shi yana tashi ko ɗingishi babu. Sannan ya ce:

"Ita kuma matar da aka kama, duk watannin nan me take yi? Zaune take tana jiransa?"

Na ce masa haka ake yi a irin wannan labarin.

"To, ni ban san irin wannan matar ba," ya ce. "Tawa da ta kwana biyu a wurin, da ta san inda suke ajiye makulli."

Na kwana biyu maganar na cina. Sannan na roƙe shi ya bar ni in zo rugarsu in zana mutane suna tafiya, domin na lura duk mutanen da nake zanawa taku iri ɗaya gare su, tafiyar mai takobi kowa yake yi. Ya amince. Na hau ƙaramar motar Doguwa, na sauka a inda ya kwatanta, na taka sauran. Kwana uku na yi a can, farkon damina. Na zana Baffa yana ɗingisa ƙafar da tsohon ciwo bai sake ta ba. Na zana yadda saniya ke tashi, baya kafin gaba, abin da ban taɓa lura da shi ba duk da na girma ina ganin shanu. Da izininsa na zauna daga nesa na zana matarsa tana tafiya da ƙwaryar nono a ka, sauri take yi amma wuyanta ko motsi.

Da na dawo na yi sati uku ban nuna komai ba. Reza ta yanke ni a yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Danshin damina ya sa katuna suka riƙa lanƙwashewa suna maƙalewa, sai da na dinga danne su da dutsen guga kafin in jera. Ɗan acaɓan yakan leƙo ya tambaya ko mamacin bai tashi ba har yanzu. Nakan ce masa ya jira.

Ranar da na koma nunawa, na ta da mai takobi, tunda dokar wasan ta ba shi rai uku kuma ban ga dalilin hana shi haƙƙinsa ba. Amma ya tashi da ɗingishi, kuma da shi ya ci gaba har ƙarshe. Ya tsaya a wata bukka ya yi sallama, aka ba shi abin sha. Ɗan acaɓan ya ce to yanzu zai isa ganuwa, ya kashe babban ƙaton, ya fasa ƙofa ya fito da matar. Na sa ɗauri na uku na juya.

Matar ce ta bayyana a tagar kwalin, ita kaɗai, da ƙullin kaya a ka, tana tafiya daga dama zuwa hagu. Tun da muka san wannan labarin ba a taɓa ganin wani ya nufi hagu ba sai wanda ya zo a sare shi. Na ce musu ta yi wata uku tana yi wa masu gadi girki har suka saba da ita, ta san lokacin da suke barcin rana, ta buɗe ƙofa ta fito. A kan hanya suka haɗu, ita da mai takobi. Na zana su sun tsaya suna kallon juna, shi da takobi a zare babu wanda zai sara.

Aka fashe da dariya, irin wadda ba ta yi mini ciwo ba. Baffa yana baya, na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ɗan acaɓan ya yarda cewa wannan karon na kayar da shi, amma bai tashi ba sai da ya kafa mini sharaɗi.

"Malam mai zane, ka yi ƙoƙari. Amma wata nawa muna jiran ƙaton nan? Ba za ka hana mu faɗan ba."

Sauran suka goya masa baya, har da yayana. Na so in ƙi, don gani nake na wuce wannan matakin. Da na zauna na yi tunani sai na ga gaskiyarsu: tun kashin farko na yi musu alkawarin wannan faɗan, ko da ban furta ba. Sai na sa ƙaton ya biyo sawun matar ya cim musu a bakin rafi. Faɗan ya ci mini katuna fiye da kowane kashi. Mai takobi ya yi nasara kamar yadda kowa ya sani zai yi, sai dai da ƙyar, a kan ƙafa ɗaya, matar kuma tana jifan ƙaton da duwatsu daga kan gaɓa. Sau huɗu aka sa ni na maimaita shi a ranar da na nuna shi.

Bayan 'yan kwanaki matar yayana ta aiko a ce mini su ma suna son gani, ba maza kaɗai ke da ido ba. Na ɗauki kwalin na shiga da shi gida, matan maƙwabta suka taru a tsakar gida bayan azahar, na juya musu tun daga farko. Faɗan bai dame su ba. Wurin guduwar matar suka sa na tsaya na koma baya. Matar yayana ta ce duk macen da za ta yi irin wannan tafiyar sai ta ɗage zaninta ta ɗaure shi tamau a ƙugu, ni kuwa na bar mata shi yana jan ƙasa, ko zango ɗaya ba za ta yi ba sai ta faɗi. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa ƙullin kayan ma ya yi girma, mai gudu ba ta tsayawa kwasar tukunya.

Kati arba'in da wani abu ne a wannan ɗaurin. Washegari na ɓamɓare su duka, na roƙi matar yayana ta ɗaura zanin yadda take nufi ta zagaya tsakar gida ina kallo. Ta zagaya sau uku tana yi mini tsiya, na zauna a bakin rijiya na fara zanen daga kati na ɗaya.