Rumbun Baba

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a bayan Ƙofar Marusa ina jiran aiki. Na tarar ƙafafun Baba sun kumbura. Likita ya ce zuciya ce, in dai na fahimce shi daidai, ya kuma hana shi aikin ƙarfi.

A gidanmu ba mai shiga rumbu sai maigida. Ta sama ake shiga, a jingina tsani, a ɗaga jinka, a dira. Ko Inna ba ta taɓa leƙawa ba. Damin da ya miƙo mata, shi take sussukawa.

Wata rana da hantsi, damina ta yi nisa, Inna ta ce gero ya ƙare. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Baba, ko in hau maka? Na yau kaɗai."

"Kai da ba ka bambance gero da maiwa? Soja ne suka sauka, ni ban sauka ba. Riƙe mani tsani."

Na riƙe. Ya hau yana hutawa, ya dira, ya jefo dami. Daga nan sai haki. Ina jin a da dammuna yake takawa ya ja jikinsa da hannu ya fito. Yanzu hatsin ya yi ƙasa, hannun kuma ya ƙi.

Na ce, "Ko in kira maƙwabta?"

"In ka kira kowa ban yafe ba. Rufe ƙofar gida."

Inna ta dafa jikin rumbun ta ce, "Malam, zafi zai kashe ka a ciki."

Can ya ce in ɗauko gatari.

Na fasa rumbun daga ƙasa, ina tsoron kada in same shi. Da rarrafe ya fito, ƙaiƙayi cike da gemunsa. Ta wannan kafa Inna ta ga abin da ya rage, wanda da wuya ya kai mu kaka. Sai ta kawo masa ruwa.

Washegari na kwaɓa ƙasa zan liƙe wurin. Ya ce, "Bar mata."

Inna ta rufe kafar da tsohuwar tabarma, ita ke ɗiba tun daga ranar. Baba kuwa ya mayar da shimfiɗarsa zaure, inda ba a hango rumbun.