Man giyar injin maigidana

A duk unguwarmu a Damagaram, gidanmu ne kaɗai ke da injin jirgin ruwa. Garin da mace ke kwana da tunanin inda za ta samo ruwan girki, nan maigidana ya ga ya dace ya ajiye shi.

Shekaru ya yi yana su a Tabkin Chadi, muna ganinsa daga salla sai salla. Da zaman tabki ya gagara ya dawo, ba kifi ba tsaraba, sai wannan ƙarfe a kan babbar mota. Ya kafa masa katako a rumfa, ya rataye shi, ya lulluɓe da zanena mai kyau. Ya kama sayar da busasshen kifi a kasuwa, ni kuwa na samu miji a gida, har na yi ƙiba.

Amma duk shekara, ana tsakiyar zafi, sai ya ce lokacin duba mai ya yi. Ranar nan ba ni da sukuni. Da fari zai kwashe mini ruwan tano, wato durom ɗin da nake tara ruwa, wai ba a tada injin a bushe, sai ƙafar injin na cikin ruwa. Ya tsoma ƙafar, ya ja igiya, gida ya cika da hayaƙi, awakin maƙwabta su tsinke. In ya kashe, ruwan da na saya wajen mai garuwa ya zama na zubarwa, ko wanki ba ya yi.

Daga nan sai ya tara tasa a ƙarƙashin injin. Ƙafar injin, kusa da farfela, tana da noti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya kwance na ƙasa, ya kwance na sama, tsohon mai ya tsiyaye. Sabon kuma ta ƙasa yake matsa shi har ya ɓullo ta sama, wai in an zuba ta sama iska ce ke cika ciki. Ni ke toshe ramin ƙasa da babban yatsa kafin ya maida noti, ina yi ina mita.

Abin da yake dubawa launin tsohon man ne. In ya fito kamar zuma, injin lafiya lau. In ya fito fari, ruwa ya shiga giya. Kullum kamar zuma yake fitowa, shi kuma ya yi murmushi ya ce, “Baɗi war haka ina kan ruwa.” Ba na son ya koma, ko kaɗan. Har addu'a nake yi man nan ya fito fari.

Wata shekara kuwa ya fito fari sol, kamar kindirmo. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa, sai na tuna yana gefena, na gyara fuska na ce, “Ayya, Malam, sannu.”

Ya shafa man a yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce wata 'yar roba ce da ke tare ruwa, zafi ya busar da ita ta tsage.

Na ce, “Ba a samunta?”

Ya ce, “Sai Kano. Bar shi kawai. Ai kin daɗe kina roƙo, ina jin ki.”

Kunya ta kama ni, amma daɗin bai tafi ba. Na yi masa tuwo da miyar da ya fi so, ya ci loma kaɗan ya ture. Kwanaki suka wuce, mutumin da ke cika gida da labarin tsibirai da manyan kifaye ya koma shiru. Ya je kasuwa, ya dawo, ya zauna ya juya wa rumfa baya. Ko ruwan tanona ya daina kallo. Tausayinsa ya hana ni jin daɗin nasarata.

Ƙanena direba ne, yana zuwa Kano duk mako. Na lallaɓi Malam ya ciro tsohuwar robar, wai zan nuna wa mata abin da ya kashe injin. Na ƙulle ta a bakin zane na kai tasha.

Ƙanena ya yi dariya har da buga mota. “Yaya, lafiyarki kuwa? Ke da kanki za ki gyara abin da zai ɗauke miki miji?”

Na ce, “Kai dai sayo. Ba na son ya zauna don injinsa ya mutu. In zai zauna, ya zauna yana da hanyar tafiya.”

Robar ta zo, an sa, mai ya koma kamar zuma. Damina ta sauka, 'yan garinmu biyu suka shirya komawa tabki, suka zo har zaure suna kiransa. Ina bayan ƙofa, na kasa kunne. Na ji ya ce, “Ku gaida mutanen can. Ni bana akwai wadda ta riƙe ni.”