Jerome Mai Garmaho

A Tudun Wada in ka ce Jerome ba kowa zai gane ba, sai ka ƙara da Mai Garmaho. Mutumin Kaltungo ne, ya shigo Gombe yana saurayi tun garin yana ƙarƙashin Bauchi, ya koyi gyaran rediyo wurin wani Bayarabe, daga baya ya kama ɗan shagonsa a bakin titi. A zamanin da yake tashe ba a biki ba shi. Sai ya ɗaure garmaho da batirin mota da lasifika a bayan keke, ya je ya sa faifai jama'a su yi ta rawa har ƙafa ta gaji. A irin wannan biki ya haɗu da Selina, wadda ta zama matarsa, suka haifi 'ya ɗaya, Jummy.

Kaset ya zo ya kori faifai, sidi ya kori kaset, waya ta zo ta haɗiye su duka. Abokan sana'arsa suka koma gyaran waya, Jerome ya ƙi. Ya ci gaba da gyaran rediyon tsofaffi da fankar da ta ƙone, faya-fayansa kuma jere a akwatin katako, kowane cikin rigarsa ta kwali. Abin da yake faɗa wa duk mai sauraro shi ne, faifai yana riƙe numfashin mai waƙa, waya kuwa matse murya take yi har ta bushe. Samari su yi dariya su wuce.

Cikin faya-fayan akwai guda da ba ya barin kowa ya taɓa. Tun Selina tana amarya aka kwashi 'yan zumuntar mata na cocinsu zuwa Jos suka yi waƙoƙi da harshen Tangale, aka buga faya-fayai kaɗan aka raba. Mata ne da yawa suke waƙa tare, amma a waƙa ta biyu akwai wurin da Selina take ɗaga murya ita kaɗai kafin sauran su amsa. Ita kanta in ya sa sai ta ce ya kashe, kunya take ji.

Shekarar da mutanen Borno suka yi ta kwararowa Gombe, wani dattijo mai suna Ngubdo ya roƙi Jerome ya bar shi ya baza huluna a inuwar shagon. Daga Bama ya gudo. Suka saba, suna cin gyaɗa tare, suna musun da ba ya ƙarewa. Ngubdo ya ce shi ma mahaifinsa ya bar masa garmaho da faya-fayan kiɗan Barebari, amma ranar da mahara suka shigo garin ba wanda ya tuna da akwati, abin da ke aljihu kawai aka fita da shi. Wata rana da hantsi ya ciro ƙaramar wayarsa ya kunna. Muryar saurayi ce yana karatun Alƙur'ani, ɗansa Aji ranar saukarsa. Aji bai fito daga Bama ba.

Jerome ya saurara, kuma da yake bakinsa ya saba, sai ya ce wayar ta cinye kaurin muryar, ta bar ta a bushe.

Ngubdo ya kashe wayar, ya mayar aljihu. Ya ce, "Malam Jerome, a bushen ma ita ce ta rage mini."

Washegari Jerome ya kawo masa ƙosai ba tare da ya tada maganar ba, amma ra'ayinsa bai sauya ba.

Selina ta rasu bayan doguwar jinyar ciwon suga. Da aka gama zaman makoki, 'yan uwa suka watse, Jerome ya ɗauko garmahon daga gida ya kawo shago. Kullum da safe kafin ya taɓa aiki sai ya sa faifan nan, ya ɗora allura a kan waƙa ta biyu, in ta ƙare ya mayar. Allurar ta daɗe da dakushewa, sabuwa kuma babu ita a kasuwar Gombe. Shi ya fi kowa sanin cewa dakusasshiyar allura cin faifai take yi, don ya sha yi wa wasu faɗa a kan haka. Ya wasa ta da dutse, ya ce za ta yi.

Jummy, wadda take koyarwa kuma take aure a unguwar Federal Low-Cost, ta yi ta roƙonsa ya ba ta faifan ta kai a kwafe mata a waya, ko don 'ya'yanta su san muryar kakarsu. Ya ce ba zai bari a matse Maman Jummy a cusa ta cikin memori ba. Ngubdo ma ya sa baki, ya ce a kwafa ɗin ba zai rage wa faifan komai ba. Jerome ya ce ya ji, za a yi. Ba a yi ba.

A hankali kunnensa ya soma nauyi, abin da shekarun zama kusa da lasifika suka bar masa. Ana yi masa magana sai ya karkato, ya ce a maimaita. Faifan kuma yana ta lalacewa, sautin shuu kamar ruwan sama a kan kwano yana hawa bisa muryoyin, har ya rufe su. Ngubdo yana ji, teloli maƙwabta suna ji, ba wanda ya iya faɗa masa. Shi kuwa yana zaune ido a lumshe, yana kaɗa kai daidai inda ya san Selina take ɗaga murya.

Wata Asabar Jummy ta kawo masa abinci ta tarar da shi a haka. Ta tsaya a ƙofa ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai shuu da ƙarar allura tana tsalle. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, me kake ji?"

"Mamarki mana. Ba ki ji ba?"

"Baba, babu kowa a ciki."

Ya dube ta, ya dubi Ngubdo. Ngubdo ya sunkuyar da kai yana gyara hulunan da ba su karkace ba. Jerome ya ƙure ƙarar garmahon, ya manna kunne jikin lasifika ya daɗe a haka, sannan ya ɗaga allurar. A ranar da kansa ya naɗe faifan cikin zanen Selina, suka hau keke napep shi da Jummy zuwa wurin masu ɗaukar waƙa. Mai wurin ya gwada iya gwadawa, ya ce layukan sun shafe, abin da ya samu bai wuce gunaguni ba.

Jerome bai haƙura ba. Ya tafi Kaltungo neman matan da suka je Jos tare da Selina, ko wata ta ajiye nata. Yawanci sun mutu. Ya samu ɗaya, tsohuwa makauniya, ta ce nata yara sun fasa tun da daɗewa. Da ya roƙe ta ta rera masa waƙar, ta fara, numfashi ya gaza mata a tsakiya, kalmomin ma sun ɓace mata. Shi kuma bakinta kawai yake gani yana motsi.

Ya dawo Gombe bai ƙara buɗe shagon ba. Jummy ta ɗauke shi zuwa gidanta, aka ba shi ɗaki, yana wuni a kujera bakin taga, jikokinsa suna wucewa da waya a kunne. Ngubdo yakan rufe kayansa ya zo duba shi, su zauna tare, in la'asar ta yi ya tashi ya yi salla a tsakar gida ya tafi. Da damina ta zagayo Jerome ya kwanta, bai tashi ba. Aka kai shi Kaltungo aka binne kusa da matarsa.

Mutumin da ya ba shi hayar shagon ya nemi a kwashe kaya don ya samu mai sayar da caja da zai shiga. 'Yan jari-bola suka zo suka ɗauki garmahon saboda ƙarfen da ke ciki, suka ƙi faya-fayan, suka ce ba a sayensu. Ngubdo ya matsar da hulunansa zuwa ƙarƙashin wata bishiyar maina a tsallaken titi, don sabon mai shagon ya ce yana tare masa ƙofa.