Jar Darar Sarzan Muntaka

Illo ɗan Isufu mai jakai ne a Matameye. Shi da wansa Bilya suke dakon gyaɗa daga Dungu da Dawce zuwa ma'aunin kantuna, da jakai bakwai tsakaninsu. Ba shi da yawan magana, kuma har ya kai shekara talatin ba a taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba.

A kakar 1951 akwai wani gardi, wato ɗan sandan mulkin Faransa, da ake kira Sarzan Muntaka, shi ke tsare layin masu kawo gyaɗa. Tsohon sojan Faransa ne. Da aka sallame shi bayan yaƙi ya kama aikin gardi, amma ya ƙi rabuwa da hularsa ta soja, wata jar dara mai kauri wadda ya ce ta ƙetare teku da shi ta dawo. Kowace safiya sai ya kakkaɓe ta, ya goge, kafin ya ɗora.

Wata rana ƙarar mota ta firgita jakin Bilya. Buhu ya bangaji Muntaka, hular ta faɗa cikin kashin jakai. Muntaka ya zane Bilya da bulala, bai huce ba. Ya ɗora hular bisa buhu, ya sa Bilya ya durƙusa gabanta yana roƙonta gafara tun hantsi har azahar. Surukin Bilya na cikin masu kallo. Illo kuwa yana tsaye riƙe da igiyoyin jakai, bai iya komai ba.

Bayan mako guda Bilya ya bar gari, ya ce ba zai iya haɗa ido da mutane ba. Shekara biyu da tafiyarsa saƙo ya zo daga Kano cewa ciwon ƙirji ya kashe shi a masaukin baƙi. Illo ya ɗauki ƴaƴan Bilya guda uku ya haɗa da nasa. Ko ranar zaman makoki bai ambaci sunan gardin ba.

A 1957 idanun Muntaka suka yi yana, aka sallame shi daga aiki. Zama ya yi wuya, matarsa Sa'a ta fara fitar da kayansa kasuwa: takalma, jar ɗamara, daga baya hular. Illo na jin labari ya je ya saya, bai taya ba.

Ranar kasuwa ya huda hular, ya zura igiya, ya ɗaure ta tsakanin kunnuwan tsohon jakinsa. Ya biyo da shi ta ƙofar gidan Muntaka, inda mai gidan ke zaune bisa tabarma. Nan ya tsayar da jakin, ya ƙame, ya sara wa jakin, ya ce, “Sarzan, a yi mini gafara.” Mutane suka fashe da dariya. Muntaka ba ya gani sosai, amma ya hango jan abu saman jaki, ya kuma gane muryar. Ya lallaɓa bango ya shige gida.

Haka Illo ya riƙa yi kowace ranar kasuwa har wata huɗu. Muntaka ya daina zaman ƙofa. Limamin unguwa ya yi wa Illo nasiha sau biyu, shi kuwa ya saurara da ladabi, ya ci gaba da abinsa.

Wanda ya tsayar da shi wani tsoho ne, Cha'ibu, shi ma tsohon soja, mai hannu ɗaya. Ya same shi a bakin rijiya, ya zauna, ya ba shi labarin yadda aka kwashe su daga ƙauyuka ba da son ransu ba aka sa musu irin wannan hula, da yadda a fagen daga sai an rufe ta da ƙyallen kaki don janta na jawo harsashi. Ya lissafa mutum biyar na ƙasar nan da aka binne can da ita.

“Muntaka ya zalunce ku, ban musa ba,” in ji shi. “Amma in na ga jakin nan, su nake gani.”

Illo ya ce, “Baba, don ku zan cire. Ba don shi ba.”

Cha'ibu ya nemi ya mayar wa mai ita, ko ya ba shi ya ajiye. Illo ya ƙi. Da ya koma gida ya sa wuƙa ya tsaga hular gida huɗu, ya cusa cikin akumarin jakin inda ba mai gani. Ya aika aka gaya wa Muntaka inda take, shi kaɗai.

Muntaka ya rasu a daminar 1959. Kafin nan ya aiko Sa'a neman yafiya, Illo ya ce mata wanda ke da hakkin yana Kano a kwance. Ranar jana'iza ya kora jakansa zuwa Icirnawa ɗaukar gero, bai dawo ba sai da aka watse.