Isufu bai zauna wazifa ba

Ina bayan labule riƙe da tiren shayi lokacin da Baba ya shimfiɗa farin ƙyallen wazifa bayan la'asar. Kowa ya matso ya zauna, ban da Isufu.

Isufu tela ne a unguwar Bukoki. A wata aplikasiyon mai haɗa aure bisa aƙida muka haɗu. Na zaɓi "ɗariƙa", shi ma haka. Wata huɗu muna hira a wayar portabul, ranar ce ya fara zuwa gidanmu a Saga gaida Baba.

Baba ya ɗago kai. "Samari, ba ka zama?"

"Baba, ku gafarce ni. Ni ba na wazifa. Hotonta na gani, sai na rubuta ƙarya don a haɗa mu."

Sai na ajiye tiren a ƙasa.

Baba ya kalle shi ya ce, "Da ka zauna kana motsa baki, da ban gane ba. Je ka, zan neme ka."

Yau kwana shida Baba bai ce uffan ba. Ni ma ban ɗaga kiran Isufu ba.

Jama'a, me zan duba? Ni ya yi mini ƙarya wata huɗu, amma ya kasa yi wa Baba ko ta minti ɗaya.