Ranar da Yayana Ya Tashi

Yayana tela ne a babbar kasuwar Garwa. Wata shekara, da zafin bazara, ya rufe shago ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Sai dai ya juya fuska bango, abinci ya huce a gabansa. Wata huɗu muna haka.

Ranar da matarsa ta fara naƙuda, dole ya bi mu asibiti, ya kwana zaune a kan benci bai runtsa ba. Da gari ya waye sai ga wani mutum daban. Ya yi wanka, ya sha kunu kofi biyu, ya ɗauki jaririyar yana mata wasa, har ya buɗe shago ya yanka riga. Na yi kuka don murna.

Da ya samu barci ya farka washegari, abin ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Kun gani da idonku. Wanda ya yi ɗinki jiya, yau ba zai ce mini ba shi da lafiya ba. Lalaci ne."

Na ce, "Baffa, ku bari a kai shi wurin likita."

Ya ce, "Ke yi mana shiru."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma na fara yarda da maganarsa. Na daina kai wa Yaya abinci ɗaki. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita da 'yar.

Sai bayan damina, da na ga ya rame ƙwarai, na sa shi a mashin ba tare da na tambayi kowa ba. Na ba likita labarin ranar nan ina jin kunya. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce ciwon damuwa ne, kuma an san kwana ɗaya ba barci yakan motsa sinadaran ƙwaƙwalwa, mai ciwon ya ji sauƙi na yini guda, in ya yi barci ya koma. Ya ja kunnenmu kada mu gwada hakan a gida, ya rubuta magani.

Yaya ya koma ɗinki a hankali. Matarsa ba ta dawo ba. Da na faɗa wa Baffa bayanin likita, cewa ya yi, "To, Allah ya ƙara sauƙi," ya ci gaba da jin rediyonsa. Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai na tuna maganar da ya yi a tsakar gida.