Reshen da Na Tsinko a Anloga

Na fi shekara biyu ina cewa zan rubuta wannan labari ina fasawa. Aji shida na tsaya a boko, kuma hannuna ya fi sabawa da ludayin koko a kan alƙalami. Ga tsoron kada in ƙara gishiri in ɗauki alhaki, ga tsoron saka sunan wata baiwar Allah a takarda ba da saninta ba. Da ƙyar na lallashi kaina da cewa sunan da na san ta da shi sunan rana ne kawai, don duk macen ƙabilar Asante da aka haifa ran Litinin Adwoa ce. Abin da na tuna shi zan rubuta, inda na manta kuwa zan ce na manta.

Ranar Asabar ce, ta farko bayan ƙaramar salla, shekarar da nake aji uku. Da hantsi ina dawowa daga wurin kafintocin unguwar Anloga da buhun garin katako a kaina, sai na tsaya a bakin shingen wani gida. Kowace Asabar da safe nakan bi ta nan, kuma kowace Asabar sai na tsaya, saboda wata bishiya da ta leƙo kan hanya da furanni farare tas, kowanne ya kai tafin hannun babban mutum, ganye a kan ganye kamar ɗaurin ɗankwalin amarya. Mai gidan, Maame Adwoa, tana can ciki ta ba ni baya, tana soya kifin da take sayar wa kafintoci. Na duba gabas, na duba yamma, na miƙa hannu na karya reshe ɗaya, tsawonsa bai wuce daga yatsana zuwa gwiwar hannuna ba. Na cusa shi a zanina na zura da gudu, garin katako yana zubo mini a wuya.

Don Kaka Azumi na karyo shi, mahaifiyar babana. Gidanmu a unguwar Alabar gidan yawa ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, igiyoyin shanya sun gicciye sama, murhun kowace mace yana ƙofar ɗakinta. A cikin wannan matsi Kaka ta ƙwaci jikin katanga ɗaya ta mai da shi lambu. Babu abin da take yarda a jefar: gwangwanin madara, na tumatir, kwanon da ya huje, butar da ta fara yoyo, duk sai ta cika su da baƙar ƙasa da kashin awaki da tsohon garin katakon da ya ruɓe a bayan murhun Mma, mahaifiyata. Ba ta shuka yakuwa ko barkono, abin kallo kawai take shukawa. Idan matan gida suka ce, “Kaka, wannan ganyen naki ko miya ba ya yi,” sai ta ce, “Ido ma yana jin yunwa.”

Da damina sama ce ke yi mana aikin, nawa bai wuce tsince katantanwa daga ganye da korar awakin maƙwabta ba. Da rani kuwa, da famfo sai an bi layi, Kaka tana da dabararta. Ta sa Baba ya kafa wani katako a inda maza ke alwala, ta ajiye tsohon daro a ƙarƙashinsa. “Ruwan da ya wanke fuskar mai salla bai dace da kwata ba,” in ji ta. Bayan kowace salla ni ke ɗaukar daron in bi gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya da ƙoƙo. Wanda ya kuskura ya wanke hannu da sabulu a wurin, ko baƙo ne, sai ya ji bakinta. Mu 'yan mata kuwa an ja mana layi da gawayi a ƙasa: mu yi ta tsalle da tafin wasan ampe yadda muke so, amma ƙafar da ta tsallake layin mai ita za ta share tsakar gida kwana uku.

Kaka tana da wata doka da ta ce ta gada: reshen da aka roƙa ba ya kamawa, wanda aka yi wa godiya kuwa ruɓewa yake yi. Sai dai ka tsinka kana wucewa. Amma da ƙa'ida: ba a shiga gidan mutane, ba a taɓa saiwa, sai abin da ya leƙo kan hanya. “Aski ne nake yi musu kyauta,” haka take cewa. Tun da ba ta san sunayensu ba, sai take kiran kowace shuka da inda ta samo ta. Akwai Matar Fasto mai jan ganye, akwai Ɗan Asibiti, akwai wata mai ɗigo-ɗigon rawaya da ake kira Mai Gadi Na Barci. Kowa a gidan dariya yake yi, ban da ni. Ni a makarantar allo Malam ya gaya mana cewa ko allura ka ɗauka ba da izini ba, sai an tsayar da kai a kanta gobe ƙiyama. Ni kuwa tun ina ƙarama irin yaran nan ce da ke sake alwala sau uku don shakkar ko ruwa ya taɓa diddige. Amma ina son in ga Kaka ta yi murna da ni, kuma farin furen nan ya shiga raina.

Ta kuwa yi murna. Da na zaro reshen ta juya shi, ta shinshina, ta ce, “Ramatu, kin roƙa?” Na ce a'a. “Kin gode?” Na ce a'a. Ta rangaɗa guɗa har Mma ta leƙo da muciya a hannu. “Yau na tabbata jinina ce!” Ta fere gindinsa a karkace da wuƙar goro, ta cire ganyen ƙasa, ta soka shi a wani tsohon bokiti, ta ajiye shi a inuwa. Ba na tuna ko bokitin shuɗi ne ko kore. Ta ce wannan nawa ne, ni zan kula da shi.

Ban taɓa kula da wani abu kamar yadda na kula da reshen nan ba. Kullum kafin in tafi makaranta sai na durƙusa na duba shi, kuma shi nake fara ba ruwan alwalar asuba. Ranar da na ga toho biyu ƙanana kamar kunnen ɓera, da gudu na kewaye tsakar gida har na tsallake layin gawayi, Kaka ta yi kamar ba ta gani ba. Na yi masa rumfa da tsohon kwando, na kewaye shi da ƙaya saboda akuyar maƙwabta. Ya yi ganye masu faɗi da laushin gashi, ya kai ƙuguna, ya kai ƙirjina. Idan ina wurinsa mantawa nake da komai. Sai in Malam ya sake taɓo maganar allura, in sunkuyar da kai a kan allona. Asabar kuwa na canza hanya, ina zagayawa ta bayan rumfunan kafintoci.

Wajen ƙarshen damina ta biyu ya yi fure. Ranar Lahadi ce. Da gari ya waye sai ga shi ɗaya tilo, fari sol, ya fi na Anloga kyau a idona. Duk gidan aka taru. Baba ya ce masha Allah, matan da ke cewa ba ya miya suka riƙa tura juna don su gani, aka ba ni ƙosai biyu ƙari. Kaka ta ɗaura gyalenta ta tafi suna. Ni kuwa na kasa matsawa daga wurin. Da rana ta take, sai na ga kamar farin ya ɗan surka, na ce idona ne. Bayan azahar ya koma ruwan hoda. Kafin a kira la'asar ya yi ja, ja sosai, kamar an tsoma shi a jini.

Na san uwarsa, na kalle ta Asabar ba iyaka, fara ce. Me zai sa ɗanta ya yi ja a hannuna, a gaban kowa, in ba Allah ne ya tona mini asiri ba? Ruwan alwalar bayin Allah na yi ta zuba wa kayan sata. Ban gaya wa kowa ba, na naɗa gammo, na roƙi wata 'yar haya ta aza mini bokitin a ka. A zaure muka yi kiciɓis da Kaka tana dawowa.

“Ina zuwa da dajin nan?”

“Zan mayar wa mai shi. Kaka, dubi abin da ya zama.” Kuka ya ƙwace mini.

Ta dubi furen, ta dube ni, ta gyara goron da ke kumatunta. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta ce, “To, Malama, wuce mu je. Amma ke kika sato, ke za ki ɗauka.”

Tafiyar da nisa, bokitin da nauyi, ruwan laka yana ɗiga mini a goshi. Sau uku muna sauke shi mu huta. Wani mai goro ya ɗaga murya, “Hajiya, yau lambun ne ya fito shan iska?” Kaka ta ce, “Ɓarauniya na kama, zan kai ta ga hukuma.” Mutane suna dariya, ni ina sharar hawaye, jan furen yana rawa a saman kaina kowa yana gani.

Rana ta yi sanyi muka shawo kwanar gidan. Na ɗaga ido, sai na tsaya cak. Bishiyar Maame Adwoa, daga sama har ƙasa, ja ce. Babu fari ko ɗaya. Shekara da shekaru ina wucewa ta nan, ban taɓa bi da yamma ba.

Kaka ta zauna a kan wani kututture tana dariya har tana riƙe ciki. Daga baya ta gaya mini ta san irinsa tun tana budurwa, amma ta san halina: da baki ta faɗa mini, cewa zan yi lallashina take. Maame Adwoa ta fito tana goge hannu a zani, doguwa, da tabon ƙuna a damtsenta na dama. Na sauke bokitin a gabanta, na durƙusa, na faɗi komai da Twi, yarensu na Asante, ina haɗawa da Hausa inda kuka ya ci ƙarfina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta amsa da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

“Kai ne mai buhu? Na gan ka ai! Ka gudu kamar kare ya bi ka. Na ce wannan yaro zai karya wuya a kan ice.”

“Maame, ki yafe mini.”

“Yafe mene? Ni ma a bayan gidan wani Bature na tsinko shi.”

Duk da haka ban tashi ba sai da ta faɗi kalmar da bakinta, na kuma sa ta maimaita don Kaka ta zama shaida. Ta zagaya bokitin, ta taɓa ganyen, ta ce nawa ya fi nata lafiya, me nake ba shi? Kaka ta ce ruwan salla. Maame ta ce to shi ya sa, nata ruwan kifi yake sha. Ta cika mana takarda da soyayyen kifi, ta aza mini bokitin da hannunta. Na buɗe baki zan ce “medaase”, wato na gode, sai tafin Kaka ya rufe mini baki, ita ma Maame ta ɗaga yatsa tana girgiza kai. “Kada ka kashe shi,” in ji ta. “Ka dai ajiye shi bakin ƙofa, inda hannu zai kai. Ranar da nawa ya mutu, zan zo in sata.”

A motar haya da ake kira tirotiro muka koma, bokitin a cinyata, ina ta dariya ni kaɗai. Washegari Baba ya fasa simintin bakin zaure aka dasa shi a ƙasa. Kaka ta raɗa masa suna Kunyar Ramatu, sunan ya bi unguwa. Ya zama agogon gidanmu: idan Mma ta aike ni sai ta ce in dawo kafin kunyata ta yi ja. Masu wucewa suna tsinka, mu kuma muna kau da kai.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. An mai da jikin katangarta shaguna, ruwan alwala yana bin bututu ya faɗa kwata, 'ya'yana kuma furen roba suke sayowa su ajiye a falo, wanda safe da yamma launinsa ɗaya. Da na yi aure na yanki reshe na tafi da shi, kuma duk gidan da na zauna a bakin ƙofa nake dasa shi. Anloga kuwa na yi ta cewa zan koma in gaida Maame, ina jin nauyin zuwa hannu sake, ina ɗagawa. Ranar da na je, an faɗaɗa titi, kafintoci sun tashi, babu shingen, babu gidan, babu bishiyar. Nata ya mutu ke nan, kuma ba ta zo ba. Abin da ke damuna shi ne, a ranar nan ban gaya mata sunan gidanmu ba.

Don haka nake roƙon masu karatu. Wanda ya san ainihin sunan wannan fure, ya taimaka ya sanar da ni. Wanda kuma ya san Maame Adwoa mai kifin kafintoci, ko 'ya'yanta, ko jikokinta, don Allah ya gaya musu rabonsu yana nan a ƙofar gidan da nake zaune yanzu a Alabar. Duk wanda suka tambaya ina Kunyar Ramatu take, zai nuna musu. Ba sai sun yi sallama ba, kada kuma su gode. Reshen ya leƙo kan hanya, ni kuwa zan kau da kai.